Bayan mura a sa wa tsoho ido: yadda ake gane shanyewar ɓarin jiki da abin yi a sa'o'in farko

Shekara 11 ke nan ina tsaye a bayan kanta a shagon magani, wanda mutanen unguwa suke kira kyamis. Da zarar hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, na san abin da za a wuni ana tambayata: maganin mura, maganin tari, abin da zai buɗe hanci. Ni ma da haka na ɗauki mura, baƙuwar mako guda ce, ta zo ta wuce. Abin da ya sami Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya sa na daina raina ta.

Kawu yana da shekara 63 a lokacin, kuma ya daɗe yana shan maganin hawan jini. Mura ta kwantar da shi cikin watan Disamba, da zazzaɓi da tari da ciwon gaɓoɓi. Ya ajiye maganin hawan jinin, wai tunda ba ya cin abinci kada magani ya yi masa yawa a ciki. Ruwa ma sai an matsa masa, saboda sanyi. A kwana na 6 ya ji dama, har ya fita masallaci da la'asar, kowa ya yi hamdala. Washegari da asuba ya ɗauki buta zai yi alwala, ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Inna ta ce, "Malam, lafiya?" Ya amsa mata da wata magana a cuɗe, kamar bakinsa cike da tuwo. Wani ya ce ragowar zazzaɓi ce, wata ta ce iska ce ta shafe shi a banɗaki. Aka kwantar da shi, aka yi masa tofi, aka ɗura masa kunu ya ƙware. Ba a kira ni ba sai wajen ƙarfe 11, ba mu isa asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ba sai bayan azahar. Tambayar farko da likitar ta yi mini ita ce, "Ƙarfe nawa aka gan shi lafiya lau na ƙarshe?" Da na faɗa mata, sai ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ba ta ce komai ba.

Daga baya ne na zauna na bi diddigin alaƙar mura da shanyewar ɓarin jikin da ta sami Kawu, kuma ba sabon zance ba ne. Tun a 2004 masu bincike a Ingila suka duba bayanan dubban marasa lafiya, suka ga cewa a kwana 3 na farko bayan ciwon hanyoyin numfashi ya kama mutum, haɗarin shanyewar ɓarin jiki kan ninka kusan sau 3, sannan ya riƙa sauka a hankali cikin makonnin da ke biye. Korona ta zo ta ƙara fito da abin fili. A watan Afrilun 2020 likitocin asibitin Mount Sinai a birnin New York suka ba da rahoton mutum 5, dukansu ba su kai shekara 50 ba, waɗanda manyan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsu suka toshe cikin mako 2 kacal, kuma duka suna ɗauke da korona. Wani bincike a birnin dai ya samu kashi 1.6 cikin 100 na masu koronar da suka je asibiti sun gamu da toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, a masu murar shekara-shekara kuwa kashi 0.2. Ka ga ke nan yawancin masu mura lafiya suke tashi, ba ina so in tsorata kowa ba ne. Amma akwai mutanen da ƙaramin ƙarin nan ya ishe su.

Yadda abin ke faruwa kuwa, idan ƙwayar cuta ta shiga, jiki yakan tashi yaƙi, wannan yaƙin ne ke sa bangon jijiyoyin jini ya kumbura daga ciki, jinin kuma ya fi saurin daskarewa. Zazzaɓi da gumi da ƙin shan ruwa su ƙara masa kauri. A wasu tsofaffin zuciya kan rikice ta riƙa bugawa ba bisa tsari ba, gudan jini ya taru a cikinta, ya ɓalle ya haura kai ya toshe hanya. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon a nan shi ne jijiyar da hawan jini ko ciwon suga ko sigari suka yi shekaru suna ci. Babban binciken nan mai suna SIREN, wanda aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya a ciki, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne ke bayan kusan 9 cikin 10 na shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki namu. Don haka wanda za ka fi sa wa ido shi ne mai hawan jini, mai suga, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar, da duk wanda ya haura 60.

Aikin yana farawa tun ranar da murar ta shigo. Kada a ajiye maganin hawan jini don ana mura, ko da mutum ba ya iya cin komai sai shayi. Idan amai ko gudawa suka yi yawa har ya galabaita, likita ne zai ce a rage ko a dakata da wani, ba shawarar cikin ɗaki ba ce. Mai suga kuma ya ƙara yawan awo, domin rashin cin abinci tare da maganin suga yana iya faɗar da sugan ƙasa. A ajiye ruwa mai ɗumi a fulas kusa da shimfiɗarsa, a riƙa miƙa masa ba sai ya nema ba, tsoho a hunturu ba ya jin ƙishi. Ka duba fitsarinsa, idan ya yi duhu kamar shayi ba madara, ruwa bai ishe shi ba. Kada a bar shi kwance wuni guda, ya tashi ya taka zuwa tsakar gida ya dawo. In akwai na'urar awon jini a gida, a auna safe da yamma a rubuta a takarda. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa minti guda, idan bugun yana tsalle, ya yi sauri ya tsaya ya sake ɓarkewa, wannan abin kai wa likita ne a ranar.

A nan zan ɗan tsaya a kan sana'ata, don na san inda ake tuntuɓe. Da yawa daga cikin magungunan mura na haɗi, irin ƙwaya ɗaya mai maganin ciwon kai da toshewar hanci da majina, suna ɗauke da sinadarin da ke matse jijiyoyin jini don hanci ya buɗe. Ba a hanci kaɗai yake matsewa ba, jinin gaba ɗaya yakan hau. Juya kwalin ka karanta. Idan ka ga pseudoephedrine ko phenylephrine ko phenylpropanolamine, ba na mai hawan jini ba ne sai da izinin likita. Na ƙarshen nan tun a shekarar 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a janye shi saboda alaƙarsa da zubar jini a ƙwaƙwalwa, na farkon kuma a ƙarshen 2023 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗin kada mai hawan jini mai tsanani ko wanda bai daidaita ba ya sha shi. Haka ibuprofen da diclofenac, da ake sha kamar gyaɗa don ciwon jiki, su ma suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda. Farasitamol bisa ƙa'ida ya wadatar ga zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Hanci kuma a yi sirace da ruwan zafi, a sha zuma da lemun tsami in ba mai suga ba ne. Kuma zazzaɓi a ƙasar nan sai an yi gwajin maleriya, kada a ce mura ce kawai a zauna.

Idan ya warke, a nan ne mutane ke sakin jiki, a nan kuma aka yi mana sakiyar da ba ruwa. Ni dai a gidanmu yanzu wata guda nake ƙirgawa daga ranar da mura ta kama babba, makon farko da na biyu su ne na fi tsananta lura.

Abin da za ka riƙe shi ne bambancin kasalar mura da shanyewa. Kasalar mura jiki duka take kamawa, kuma a hankali take zuwa. Shanyewa farat ɗaya take faɗowa, kuma yawanci gefe guda take ɗauka. Da ka ga wani abu ya canja kwatsam, gwada abu uku, ba za su ci maka minti 2 ba. Ka ce ya yi murmushi ko ya yaƙe haƙora, ka duba ko gefen baki ɗaya ya zube, ko miyau na dalala ta nan. Ka ce ya miƙa hannayensa biyu gaba, tafin yana kallon sama, ya rufe ido, ka ƙirga zuwa 10, ka ga ko ɗaya zai sauka ko ya juya da kansa. Sannan magana. A kan maganar nan akwai tarko da ya kamata ka sani. Mutane kan ce "karanta Fatiha mu ji," idan ya karanta sai hankali ya kwanta. Abin da mutum ya haddace tun yana ƙarami yakan fito sumul ko da wurin magana a ƙwaƙwalwa ya taɓu. Kawu ya yi salati tiryan-tiryan a safiyar nan, amma da aka nuna masa carbinsa ya kasa faɗin sunansa. Saboda haka ɗauki abu ka nuna masa, cokali ko hula ko waya, ka ce, "Baba, mene ne wannan?" Ka ba shi umarni mai sauƙi, ya taɓa kunnensa na hagu. Ɗaya daga cikin ukun nan kaɗai in ya gaza, ya isa a tashi.

Akwai wasu alamun da ba su shiga ukun ba amma hukuncinsu ɗaya: ido ɗaya ya rufe da duhu ko a riƙa ganin abu biyu-biyu, jiri mai tsanani da tangaɗi kamar ƙasa na juyawa, ɓarin jiki ya mutu ba ya jin taɓi, ko ciwon kai da ya faɗo kamar an sara da gatari, irin wanda mutum zai ce bai taɓa jin kamarsa ba, sau da yawa da amai.

Da ka gani, abu na farko dubi agogo. Rubuta lokacin a waya ko a tafin hannunka. Ba lokacin da ka lura ake so ba, lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe. Idan da ciwon ya farka daga barci, to lokacin shi ne sa'ar da ya kwanta. Dalili kuwa, allurar da ke narkar da gudan jini cikin sa'a 4 da rabi ake yin ta, kuma kafin a yi sai an ɗauki hoto an yi gwaje-gwaje, duka a cikin wannan ɗan lokacin. An ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Gaskiya ce allurar nan ba kowane asibiti ke da ita a wajenmu ba, kuma tana da tsada. Amma ko babu ita, wanda ya isa da wuri za a duba sugansa da iskar jininsa, a gwada haɗiyarsa, a saukar da zazzaɓi, a kula da jininsa yadda ya dace, kuma waɗannan su ke raba wanda zai tashi da ƙafarsa da wanda zai daɗe a kwance.

Kada a ba shi komai ta baki. Wannan ita ce maganar da na fi so ta shiga kunnen iyayenmu mata, domin tausayi ne ke sa su ɗura ruwa da kunu. Shanyewa takan kashe tsokar haɗiya, abin da aka zuba sai ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu, ga huhun dama bai gama farfaɗowa daga mura ba. Kunun da aka ba Kawu ya jawo masa ciwon huhu da ya ƙara masa kwana 9 a gadon asibiti. Ruwan rubutu da zamzam da man habbatus sauda duka ta maƙogwaro ɗaya suke bi. Ba na hana addu'a, ni ma da ita na dogara, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya, a tofa a shafa masa, ba sai ya haɗiya ba. Kada a yi hayaƙi, kada a kira wanzami ya yi ƙaho, kada a tsaya murza hannun da man zafi.

Kada kuma a ba shi asfirin, ko da maƙwabci ya rantse shi aka ba wa tsohonsa. Shanyewa iri biyu ce, akwai ta toshewa, akwai ta fashewar jijiya, kuma a binciken SIREN kusan 1 cikin 3 na mutanenmu ta fashewa ce. Ido ba ya rabe su, sai hoton ƙwaƙwalwa. Asfirin ga wanda jijiyarsa ta fashe ƙarin zubar jini ne. Haka idan ka auna ka ga jinin ya haura sosai, kada ka ninka masa maganin hawan jini don ka saukar da shi da gaggawa, faɗuwarsa farat ɗaya tana iya rage ɗan jinin da ke isa wurin da ya toshe. Abu guda da za ka iya yi in mai suga ne kuma na'urar awo na kusa: auna. Sugan da ya faɗi ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL yakan kwaikwayi shanyewa sak. In haka ne kuma yana farke yana haɗiya lafiya, a ba shi abu mai zaƙi, amma duk da haka a kama hanya.

Ka kwantar da shi a gefensa, kai ya ɗan ɗaga, ka sassauta masa wuyan riga. Ana iya kiran lambar gaggawa ta 112, sai dai kada ka zauna jira idan motar maƙwabci ko adaidaita sahu na ƙofar gida. Ka nufi babban asibitin da ka san yana da na'urar hoton ƙwaƙwalwa kai tsaye, ko da ya fi nisa da ɗan kaɗan. Kada ka biyo ta shagona ko na wani irina, babu abin da ke kan kantarmu da zai yi wannan aiki, kuma duk tsayawa a ƙaramin wuri sai an sake turo ka gaba. Tun yau, kana lafiya, ka tambaya ka san wane asibiti ne a garinku ke da na'urar kuma tana aiki. Ku tafi da ledar magungunansa duka, har na murar da na gargajiya, da wanda ya ga farkon abin da idonsa. A bakin ƙofar gaggawa kada ka fara dogon labari. Ka ce, "Ina zaton shanyewar ɓarin jiki ce, lafiyarsa lau ƙarfe kaza, ya yi mura makon jiya."

Wani lokaci kafin a gama neman mota bakin ya miƙe, hannu ya dawo, tsoho ya ce a bar shi ya ji sauƙi. Kada ka yarda. Gudan jinin ne ya toshe ya wuce, kuma kwana 2 na farko bayan irin wannan su suka fi haɗarin babbar ta biyo baya. A je a ranar.

Akwai mutum biyu da ba tsofaffi ba waɗanda nake jin tsoro a kansu. Ta farko mai jego. A kwanaki arba'in ɗin nan jininta dama yana da saurin daskarewa, idan mura da zazzaɓi da gumin wankan jego suka haɗu suka busar da ita, jini kan iya daskarewa a jijiyoyin da ke kwashe shi daga ƙwaƙwalwa. Wannan ba ya zuwa farat ɗaya kamar na tsofaffi. Ciwon kai ne da ke ƙaruwa kullum, ba ya jin farasitamol, yakan fi tsanani in ta kwanta, sai gani ya dushe, ko ta yi jijjiga, ko ta riƙa barci ba ta gane mutane. Kada a ce mayu ne ko rashin barcin jego. A auna jininta, a kai ta asibiti, yana da magani idan an kama shi da wuri. Na biyu yaro mai sikila. Idan ba a bibiya, kusan 1 cikin 10 na yaran nan kan sami shanyewa kafin shekara 20, kuma zazzaɓi da ciwon ƙirji sukan zama mafari. Yaro mai sikila da zazzaɓi ba na jinyar gida ba ne. In ya fara jan ƙafa, ko ya daina amfani da hannu ɗaya wajen wasa, a ruga. Akwai gwajin da ake ɗora ƙaramar na'ura a gefen kai a auna gudun jini, ana yi wa yara daga shekara 2 zuwa 16, kuma a Kano aka yi binciken da ya nuna maganin hydroxyurea na kare waɗanda gwajin ya nuna suna cikin haɗari. Uwa ta tambaya a asibitin sikilarsu. Sannan a lokacin rani, zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a tuna da sanƙarau, shi ma na gaggawa ne.

Allurar rigakafin mura ba ta yaɗu a wajenmu ba, amma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi likitansa, musamman in zai tafi Hajji ko Umara, inda cunkoso ke sa kusan kowa ya dawo da tari. Binciken Ingilan nan na 2004 bai ga haɗarin ya ƙaru bayan allurar ba, bayan ciwon ne ya ƙaru. Alhajin da ya sauka da tarin Makka, ana ta zuwa yi masa barka, shi ma cikin watan lura yake.

Kawu yana nan da ransa. Yana zuwa gashi sau 2 a mako, yana takawa da sanda zuwa masallacin ƙofar gida, da hagu yake cin abinci yanzu, sunayen jikokinsa kuma wasu sun dawo masa wasu sai an tuna masa. A shago kuwa, duk wanda ya ce in ba shi maganin mura, kafin in miƙa hannu kan kanta sai na tambaye shi na wane ne, shekararsa nawa, yana da hawan jini. In ya ce na Baba ne ko na Hajiya, sai in ce ya kawo mini su in auna, ko ya karɓi farasitamol kawai, in nuna masa gwajin baki da hannu da magana a nan tsaye kafin ya fita.